Na ƙetare iyaka, digirina ya tsaya a Jibiya

Assalamu alaikum Hajiya. Ni Bakatsiniya ce, shekaruna 33. Na karanci haɗa magunguna a Zariya shekara biyar, na yi shekarar horo, na yi bautar ƙasa, na samu lasisi, har na yi aikin asibiti shekara biyu kafin aure ya kawo ni Maraɗi. Yau shekarata huɗu a nan da ƴaƴa biyu. Kafin a ɗaura aure maigidana ya yi wa mahaifina alkawarin zan ci gaba da aikina. Da na zo aka ce takardata ba ta aiki a nan sai an yi mata ekibalans a Yamai, wato an tantance cewa daidai take da ta Nijar. Na je sau ɗaya, na bar wa wani ma'aikaci kwafin takarduna, ya ce in koma gida za a kira ni. Wata 14 ke nan shiru, kuma ko guntuwar takardar shaida ban karɓo ba. Faransancina bai wuce na gaisuwa da karanta sunan magani ba.

Yanzu maigida ya gaji. Ya ce ya samu wani mai izinin farmasi da ba ya zaune a gari, zai ba mu aron sunansa muna biyan sa duk wata, ni kuma in zauna a shagon. Har ya kama haya. Da na ce ina tsoro sai ya ce na cika tsirfa, ai kowa haka yake yi. Uwar mijina kuwa ta taɓa cewa a gaban baƙi, karatun da ya kasa ƙetare iyakar Ɗan Isa wane irin karatu ne. Mahaifina, wanda sai da ya sayar da gona na gama makaranta, ya ce in dawo Katsina in nemi aiki, in riƙa zuwa Maraɗi ƙarshen mako.

Abin da ya fi ci mini rai, kullum ina ganin yaro da tire a ka yana tallar ƙwayoyi cikin rana, ba mai tambayar sa takarda. Ni kuma maƙwabta ke kawo mini ordonans, wato takardar maganin da likita ya rubuta, ta ƙofar baya kamar mai aikin ɓoye. In shiga shagon ne? In koma gida? Ko in haƙura da aikin kawai?

Wata baiwar Allah, Maraɗi

Wa'alaikumus salam ɗiyata. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma wurin da na fi daɗewa shi ne wurin yaron nan mai tire. Kina da gaskiyar jin ciwo. Ƙwayar da ta wuni a rana tun hantsi, ke kin san abin da zafi ke yi mata, shi bai sani ba, amma ke aka ce ki tsaya a waje. Ƙarin abin haushin, ba wata uwa duniya kika zo ba. Sarkin garin nan har gobe Sarkin Katsinan Maraɗi ake ce masa, domin gidan sarautar Katsina ne ya kafu a nan bayan jihadi. Harshe ɗaya, dangi ɗaya, tafiyar da ba ta wuce ta hantsi ba. Mutum yana ƙetarewa da buhun gero da amarya da kayan ɗakinta, takarda ce kaɗai ake tsayarwa.

To amma bari in fara da maganar shago, domin ita ce mai gaggawa. Kada ki shiga. Ban ce ki dakata ki gani ba, cewa na yi kada ki shiga, kuma ga dalilina.

Ki ɗauka kin zauna a bayan kanta, wata uku komai lafiya, ciniki na tafiya. Ranar da aka kawo ordonans ta yaro mai shekara biyu, likita ya yi rubutun nan nasu na tafiyar tsutsa da Faransanci, kika karanta cokali ƙarami a babba, ko kuma ke kin yi daidai amma yaron ya rikice don wani dalili daban. Wa za a tambaya? Sunan da ke jikin bango na wani ne, yana can inda yake, kuma abu na farko da zai faɗa shi ne bai san an sa wadda ba ta da rajista a shagonsa ba. Maigidanki ɗan kasuwa ne, iyakar hasararsa kuɗi. Ke ce za a rubuta wa laifin yin aikin magani ba da izini ba, kuma wannan tabon zai riga dosiyenki, wato fayil ɗin takardunki, isa gaban mutanen da kike jira su amince da ke. Zai iya bin ki har Najeriya, tunda hukumar da ta ba ki lasisi ita ce za ki roƙa ta ba da shaidar cewa ba ki da wata matsala. Gonar mahaifinki ce za ki ɗora a kan sa hannun mutumin da ba ki taɓa gani ba. Ko babu tsautsayi ma, wanda ya ba ku aron suna yana riƙe da wuyanku: duk ranar da ya ga shago ya cika zai ƙara kuɗi, kuma ba kotun da za ku kai shi.

Yanzu ga yadda abin yake a takarda, domin na lura kina ɗaukar sa ƙofa ɗaya ce aka rufe miki, alhali ƙofofi uku ne. Tsarin da Nijar ta gada daga Faransa, wanda dokar magunguna ta 1997 ta tafi a kansa, yana duba abu uku ga mai son aikin: digirin dakta a fannin magunguna ko wanda aka amince daidai yake da shi, sannan ƙasar da mutum ya fito, sannan rajista a majalisar ƙwararru da ake kira Ordre. Izinin buɗe farmasi kuma daban yake, daga ma'aikatar lafiya yake fitowa, har wurin da za a buɗe ana dubawa. Ke nan shagon da aka kama haya ma ba lalle ya zama shi za a amince da shi ba ranar da komai ya kammala.

Me ya sa wanda ya yi karatu a Dakar ko Bamako ba ya shan wahalarki? Saboda ƙasashen da ke amfani da Faransanci suna da majalisar ilimi mai zurfi ta haɗin gwiwa, CAMES, wadda aka kafa a Yamai a 1968, hedikwatarta tana Wagadugu, kuma tantance digirori na cikin aikinta. Ƙungiyar tattalin arziki da kuɗin bai-ɗaya ta Yammacin Afirka, UEMOA, ita ma a 2008 ta fitar da umarnin da ke ba masanin magunguna ɗan ƙasashenta takwas damar zama ya yi aiki a kowace daga cikinsu. Najeriya ba ta cikin ko ɗaya daga biyun. Inuwar da ta haɗa mu a da ita ce CEDEAO, wato ECOWAS, Nijar kuwa ta fice daga cikinta a ranar 29 ga Janairun 2025. Sai kuma bambancin karatun kansa: naki shekara biyar ne sannan shekarar horo, na nan ana kammala shi da kundin bincike da ake karewa a gaban malamai a fito da sunan dakta. Wanda ke zaune a ofis yana jera takardu biyu ne yana neman inda suka haɗu. Kuma don ki rage jin cewa ke aka tsana, Banijare da ya je Najeriya da digirinsa shi ma sai ya zauna kwas na musamman da hukumar masana magunguna ta Najeriya, PCN, ke shirya wa waɗanda suka yi karatu a waje, ya rubuta jarrabawa. A Ingila sai mutum ya koma aji shekara guda, ya ƙara shekarar horo, sannan jarrabawa. Sana'ar da kuskurenta ke kisa, kowace ƙasa tana tsaron ƙofarta.

Zan faɗa miki wata magana da ba za ta yi daɗi ba: a ganina ba ki da dosiye a Yamai. Kwafin takardu da aka miƙa wa mutum a tsaye, ba lamba, ba takardar karɓa, wannan ajiya ce. Wataƙila mutumin yana da niyyar alheri, wataƙila an canza masa wurin aiki, wataƙila takardun suna ƙarƙashin wasu. Kada ki ɓata ƙarfinki wajen neman sa ko zagin sa. Wata 14 sun tafi, ki yafe su, ki fara sabo.

Sabon farawa a Najeriya yake. Ki nemi jami'arki ta ba ki cikakken sakamakon shekara biyar, tare da bayanin darussan da awoyin kowane darasi, domin wannan shi ne abin da masu kwatantawa ke karantawa. Kwalin digiri shi kaɗai ba ya gaya musu ko kin yi ilimin guba ko ba ki yi ba. Ki haɗa da shaidar shekarar horo, da ta aikin asibiti, da wasiƙar PCN mai nuna rajistarki lafiya take. Kada ki manta da sakamakon WAEC ko NECO, domin a tsarin nan ana fara tambaya ne daga abin da ya yi daidai da BAC, jarrabawar kammala sakandare ta nan, kuma mutane da yawa a nan suke tuntuɓe don sun ɗauka ta sakandare ta wuce. Takardun makaranta ana kai su ma'aikatar ilimi ta tarayya a Abuja ta tabbatar, sannan ma'aikatar harkokin waje ta buga hatimi, sannan ofishin jakadancin Nijar. Bayan nan ne ake fassara su zuwa Faransanci wurin mai fassarar da hukuma ta yarda da sa hannunsa. Fassarar ɗan maƙwabta, komai iyawarsa, ba ta shiga.

Kafin ki kashe ko dala, ki shimfiɗa takardunki duka a kan tabarma ki karanta sunanki a kowace, harafi bayan harafi. Na taɓa ganin dosiyen da ya kwana wata da watanni saboda abin da bai kai ya kawo ba: a takarda ɗaya an rubuta sunan uba da U a farko irin rubutun Najeriya, a ɗaya kuma da OU irin na nan, ga ranar haihuwa ta bambanta da kwana ɗaya tsakanin ta sakandare da fasfo. A wurinmu mutum ɗaya ne, a wurin mai hatimi mutum biyu ne. Idan kin ga irin wannan, ki gyara shi ta kotu tun yanzu. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Ƙofa ta biyu, ta zama ƴar ƙasa, ita ce wadda maigidanki zai fi amfani a cikinta. Tun gyaran dokar 2014 Nijar ta yarda mutum ya riƙe ƙasa biyu, kuma aure hanya ce ta neman nasiyonalite, wato zama ɗan ƙasa. Najeriya ma ba ta ƙwace wa haifaffen ɗanta ƴancinsa don ya karɓi na wata ƙasa, saboda haka ba abin da za ki rasa. Sai dai tambaya: aurenku yana da takarda? Goro da shaidu da fatiha sun ɗaura aure a wurin Allah da jama'a, amma hukuma takardar aure take nema. Idan babu, ku fara daga ma'aikatar magajin gari su gaya muku yadda ake yi wa auren da ya riga ya daɗe. Takardar shaidar rashin laifi kuwa ki bar ta sai ƙarshe, domin ba a karɓar wadda ta wuce wata uku.

Ranar da za ki koma Yamai, tafiyar sama da kilomita 600, kada ki tafi da ka. Ki fara neman wata mai farmasi a nan Maraɗi, babba a sana'ar, ki je ki gaishe ta kamar yadda ƙanwa ke zuwa wurin yaya, ki gaya mata labarinki. Ita ta san wakilin Ordre, ta san wace ƙofa ake ƙwanƙwasawa a bana. A ma'aikatar ilimi mai zurfi ki nemi jerin abubuwan da ake buƙata a rubuce, ki ajiye dosiyenki a inda ake rajistar wasiƙu, ki karɓi takarda mai lamba da kwanan wata, ki ɗauki hotonta a waya kafin ki fita daga ginin. Asalin takardunki a nuna su a dawo miki da su. Amsa kuma tana iya zuwa iri-iri: a amince kai tsaye, ko a ce ki cike wani giɓi da darussa ko sitaj, wato horon aiki, ko kundin bincike. Idan ta biyun ce kada ki ɗauke ta cin fuska. Wadda aka ce ta ƙaro abu kaza, an riga an gaya mata tsawon hanyarta.

Sai Faransanci. A nan zan ɗan matsa miki, domin shekara huɗu a Maraɗi da Faransancin gaisuwa, wannan ba laifin wani ofis ba ne. Na san dalili: gari ne da za ki yi shekara ba ki buƙaci kalma ɗaya ba, daga Babbar Kasuwa har asibiti Hausa ta ishe ki, ga goyo ga girki. Amma ordonans da Faransanci ake rubuta ta, takardar cikin kwalin magani da Faransanci take, masu bincike idan sun zo da shi za su yi miki tambaya. Ko gobe aka miƙo miki ekibalans, ba za ki iya tsayawa ke kaɗai a farmasi mai gadin dare ba. Abin farin ciki, rabin aikin kin riga kin yi shi, tunda sunayen asali na magunguna kusan ɗaya ne a harsunan biyu. Abin da kika sani da Panadol shi ne Doliprane a nan, duka parasitamol ne. Maganin rigakafin zazzaɓin damina da ake ba yara gida-gida, wanda kuke kira SMC, shi ne CPS a nan. Ki samu ɗaliba daga sashen lafiya na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta riƙa zuwa gida sau uku a mako, ke ki koya mata ilimin magunguna da Ingilishi, ita ta koya miki Faransanci. Kowane dare ki buɗe takardar kwali ɗaya ki karanta ta da ƙarfi, ko yara na dariya.

Maigidanki kuwa, kada ki ɗauke shi abokin gaba. Mutumin da ba ya son ki yi aiki ba ya kama hayar shago. Ya yi alkawari a gaban surukinsa, shekara huɗu bai cika ba, kunya na cin sa, sai ya nemi mafita irin wadda ya sani a kasuwa, inda ake gyara komai da sanayya. Kuskurensa ɗaya, ya ɗauka magani ma haja ce kamar aya da wake. Kada ki yi masa maganar da safe yana shirin fita, kuma kada ki fara da "ba zan yi ba". Ki fara da godiya a kan hayar da ya kama, sannan ki yi masa lissafi da harshensa: kuɗin da za a riƙa ba mai suna duk wata, a tara na shekara guda, a kwatanta da kuɗin Abuja da Yamai da fassara da malamar Faransanci. Na farko ba ya ƙarewa, na biyu sau ɗaya ne, kuma ƙarshensa farmasi mai sunan matarsa. Ki roƙe shi abu biyu ƙwarara: ya tsaya a kan takardar aure da nasiyonalite, ya kuma raka ki Yamai da kansa. Ku sa wa'adi, a ce wata 18, ku rubuta. Shagon a zuba masa kayan jarirai da sabulai da abin da ba ya buƙatar izini, ko a ba wani. Idan ya ƙi ji, ki sa wanda yake jin nauyi a cikin maganar, kawunsa ko amininsa, ba mahaifinki ba, don kada ta zama ta gida biyu.

Maganar uwar miji ki bar ta ta bi iska. Ta yi zafi, kuma a gaban baƙi ba daidai ba ne, amma tsohuwa ce da ta ga an kawo mata suruka da kirari, ba ta ga komai a ƙasa ba. Ki zama ke ce mai kula da maganin hawan jininta idan tana sha, mai tuna mata lokaci. Irin wannan bakin da haka yake mutuwa.

Shawarar Baba ita ce ta fi ba ni tausayi, domin gonarsa yake tunawa, kuma yana da haƙƙi. Amma ki duba ta da idon basira: yara biyu ƙanana, hanyar Jibiya da kowa ya san halin da take ciki, ga iyakar da muka ga an rufe ta wata da watanni bayan Yulin 2023. Auren ƙarshen mako a kan irin wannan hanya yana cin mutum. Ban ce ki jefar da ita ba, ki ajiye ta a matsayin abin da za a zauna a duba, da yardar maigida, idan wa'adin ya cika ba labari. Abin da zai sa ta kasance a raye shi ne lasisinki na Najeriya: ki riƙa sabunta shi duk shekara, ki riƙa yin kwasa-kwasan da ake buƙata, ko da ba kya aiki da shi. Ki kira Baba ki karanta masa matakan nan ɗaya bayan ɗaya. Uba idan ya ji akwai tsari, hankalinsa yana kwanciya.

Kafin nan kuma ba zaman jira za ki yi ba. Akwai aikin da iliminki ke shiga ba tare da kin tsaya a matsayin mai farmasi ba. Maraɗi na da makarantun lafiya masu zaman kansu, har da jami'ar Maryam Abacha da ke koyarwa da Ingilishi, inda harshen da ya zame miki cikas a wani wuri zai zama jari. Ƙungiyoyin agaji da ke aikin tamowa da zazzaɓi a jihar nan, irin su ƙungiyar likitoci ta MSF a Madarunfa, suna da rumbunan magani da ke buƙatar mai lissafin shiga da fita da ranar lalacewa. Ko kuma ita babbar da na ce ki nema, ki roƙe ta ki riƙa zama a farmasinta a matsayin mai koyo, ƙarƙashin idonta, da sanin Ordre. Za ki ji nauyin a ce ke da kika riƙe sashe a asibiti kin koma jera kwalaye, na sani. Amma a nan ne kunnenki zai saba da rubutun likitocin garin, kuma wasiƙar da za ta rubuta miki wata rana ta fi ta kowa nauyi.

Maƙwabta masu zuwa da ordonans, ki daina karɓar su ta ƙofar baya. Ki shimfiɗa musu tabarma a tsakar gida, ki bayyana musu yadda ake sha da abin da ba a haɗawa, ki hana su sayen na tire. Wurin da ba ki gane rubutun ba ki ce su koma wurin likitan. Kada ki sayar da ko ƙwaya ɗaya a gidan, kada ki yi allura, kada ki canza abin da aka rubuta.

A wannan makon abu biyu kawai nake so ki yi: ki shimfiɗa takardun nan ki duba sunanki, ki kuma tambayi maigida inda takardar aurenku take. Idan kin dawo daga Yamai da takarda mai lamba, ki rubuto mini. Ki shafa mini kan yaran.